Wayar da ke Faɗa wa Makaho Sunan Kaya, da Kasuwar Zazzau da Ba Ta Sani Ba Tukuna

Gwangwanin madara da na tumatir ba sa rikita makahon da ya saba cefane. Girgizawa ɗaya ta wadatar: madara tana kaɗawa a ciki, tumatir kuwa ko motsi ba ya yi. Ledar omo da ta madarar gari, hanci ne ke raba su tun ba a yage bakin ba. A shagunan tireda na Babban Dodo da rumfunan kasuwar Amaru, cikin ganuwar Zazzau, masu lalurar gani sun daɗe suna sayayya da yatsa da hanci da kunne, kuma ba kasafai ake tauye musu mudu ba, domin hannun da ya shafa bakin tiya ya san cikarta.

Dabarar tana ƙarewa ne a inda masana'anta ta zuba abubuwa mabambanta a mazubi iri ɗaya. Man goge baki da man shafawa na ƙaiƙayi, duk matsewa ake yi. Ƙaramar kwalbar maganin tarin yara da wadda aka ɗura wa fiya-fiya na iya zama tsayi ɗaya da murfi ɗaya. Wanda ya fi ɗaga hankali shi ne ɗan robar maganin ɗigawa: na ido, da na kunne, da na gam ɗin nan mai kamawa nan take, a hannu kusan abu ɗaya ne. Likitocin ido a ƙasashe da dama sun sha ba da rahoton mutanen da suka ɗiga gam a ido bisa kuskure, kuma da yawansu ba makafi ba ne ma, duhun ɗaki ne kawai ko raunin gani.

Waɗanda abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi kowace yawansu. Yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Abin lura a nan shi ne, galibin waɗannan mutane da girmansu idon ya tafi. Ba su je makarantar makafi irin ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, sun koyi rubutun Braille ba. Su ne kuma suka fi kowa ta'ammali da magani kullum: na hawan jini, na ciwon suga, da na ɗigawa safe da yamma wanda aka rubuto musu daga asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Dattijon da ya shekara sittin yana karanta komai da kansa, yau sai ya jira jika ya dawo daga makarantar allo ya ce masa, "Baba, wannan ne na ido, wancan na kunne ne."

Ƙarar da ke jagorantar hannu

A watan Yulin 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da wata manhaja ta kyauta mai suna Seeing AI. Cikin waɗanda suka gina ta akwai Saqib Shaikh, injiniyan da ya makance tun yana ɗan shekara bakwai, kuma ana ganin hannun wanda ya san matsalar daga ciki a yadda aka tsara sashen gane kaya. Mai ido ba ya tunanin cewa nemo layukan baƙi da farin nan na bayan kwali, waɗanda ake kira bakod, aiki ne. Ga makaho kuwa shi ne aikin gaba ɗaya, domin layukan ba su da tudu balle yatsa ya ji su, kuma kowane kamfani da inda yake buga nasa: wani a gindi, wani a gefe, wani a ƙarƙashin naɗin leda.

To ga yadda ake yi. Mutum zai riƙe gwangwani a hagu, waya a dama, tazarar kamar taƙi ɗaya, ya riƙa juya gwangwanin a hankali. Shiru na nufin kyamara ba ta hango komai ba. Da zarar gefen layukan ya shigo, sai wayar ta fara ƙara, tit, tit, tana jinkirtawa. Yana ƙara daidaita hannu, ƙarar tana ƙara sauri, har ta kama. Daga nan murya ta faɗi sunan kayan, in kuma akwai ƙarin bayani kamar sinadaran da aka haɗa ko yadda ake amfani da shi, ta karanto. Wanda ya ƙware yana gamawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sabon shiga kuwa zai sha juyi har hannu ya gaji, musamman a kan kwalba mai sheƙi.

Shekara shida da wani abu manhajar tana kan iPhone kaɗai, wayar da ba kowa ke iya saye ba a Kwarbai ko Limancin Kona. Sai a Disambar 2023 ta sauko kan Android, wato kan irin su Tecno da Infinix da itel da ke cike da shagunan waya na PZ a Sabon Gari. Google ma yana da tasa, Lookout, wadda ta fito a 2019, aka ƙara mata sashen gane kayan abinci a 2020, tana duba fuskar kwalin da kuma bakod ɗin.

Su kansu layukan ba don makafi aka ƙirƙire su ba. Norman Woodland da Bernard Silver ne suka nemi rajistar dabarar a Amurka a 1949, aka ba su a 1952, don a rage layin masu biyan kuɗi a manyan kantuna. Ranar 26 ga Yunin 1974 aka fara haska bakod a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, a kan fakitin cingam. Irin wanda aka fi gani a nan yana da lambobi 13, kowace lamba an rubuta ta da layuka masu faɗi daban-daban. Ukun farko suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajista da ƙungiyar GS1: 615 ta Najeriya ce, 603 ta Gana, 890 ta Indiya, 690 zuwa sama kaɗan ta Sin. Ta ƙarshe kuwa lissafi ce da na'ura ke tabbatarwa da ita cewa ta karanta daidai.

Babu suna a cikin layukan, babu farashi, babu ranar lalacewa. Lamba ce kawai, tamkar lambar mota: tana manne a jiki kowa na gani, amma sunan mai ita yana can cikin kundin ofishin rajista. Manhaja tana karanta lambar ne, ta aika ta intanet zuwa wani rumbun bayanai, ta jira amsa. In wani bai taɓa zama ya rubuta cewa wannan lamba ta taliyar kamfani kaza ce mai nauyi kaza ba, wayar za ta ce ba ta gane kayan ba, komai tsadarta.

Mudu, ƙulli da almakashi

Nan ne labarin ke rabuwa da na manyan kantunan ƙasashen waje. Wanda ya shiga kasuwar birni da wayarsa zai tarar cewa yawancin abin da zai saya ba su taɓa ganin kwali ba. Masara da dawa da wake a tiya ake auna su. Sukari da gishiri da omo ana ƙulla su a farar leda, na hamsin, na ɗari. Daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya ba su da kamfani. Dunƙulen magi ɗaiɗai ake ƙirgawa, bakod ɗinsa ya tafi da babbar ledar da mai shago ya yar. Jerin ledojin madara da na shayi da ke rataye a ƙofar shago, wasu suna da layukan a kowace leda, wasu babu, waɗanda ke da su ma sun yamutse ko rana ta kashe launinsu.

Akwai kuma abin da ya fi rashin bakod haɗari, wato bakod mai faɗin abin da ba shi ne ba. A kowane gida a birni akwai robar lemo ko ta ruwa da ta sake aiki: wata man gyaɗa, wata manja, wata zoɓo ko kunun aya, wata kananzir. Takardar kamfani tana nan manne a jikinta. Makahon da ya haska irin wannan roba zai ji murya ta kira masa sunan lemo ba tare da wata tantama ba, alhali kananzir ne a ciki. Manhajar ba ta yi kuskure a aikinta ba, ta faɗi abin da aka ƙera robar dominsa ne. Duk wanda zai koya wa makaho amfani da waya a Zariya ya kamata ya fara da wannan darasin kafin kowane: a taɓa murfi a ji ko hatiminsa bai karye ba, a sansana, sannan a saurari waya. Haka nan bakod ba shaidar inganci ba ne, domin mai buga jabun kaya da ya kwaikwayi kwali gaba ɗaya ba zai gagara kwaikwayon layuka ba.

A kemis lamarin ya fi tsanani. Mai sayen magani na kwana biyu ba kwali ake ba shi ba. Ana zaro kati, a sa almakashi a yanko ƙwaya huɗu ko shida, a zuba a 'yar leda, a zana layi biyu ko uku da biro don nuna sau nawa za a sha. Kwalin da ke ɗauke da bakod da ranar lalacewa ya zauna a kan kanta. Layin biron kuwa bai amfani wanda ba ya gani da komai. Hukumar NAFDAC ta kawo wata dabara mai kyau a 2010, inda ake kankare wani ɗan wuri a jikin maganin zazzaɓin cizon sauro ko na kashe ƙwayoyin cuta, a tura lambar da ta bayyana ta saƙon tes, a sami amsar ko na gaske ne. Amma sai an ga inda za a kankare, an kuma karanta ƙananan lambobin. A Tarayyar Turai tun 2005 doka ta wajabta buga sunan magani da rubutun Braille a kan kwali, shi ya sa wasu magungunan da aka shigo da su ke da ɗige-ɗige masu tudu. Ko wannan bai kai ga dattijon da bai koyi rubutun ba.

Sai batun harshe. Lokacin da Seeing AI ta sauko kan Android, da harsuna 18 ta zo, babu Hausa a ciki. Ɗalibin jami'a mai lalurar gani ba zai damu ba, domin ya riga ya saba da TalkBack, muryar da ke karanta masa allon waya da Turanci. Amma tsohuwar da ke Unguwar Juma, wadda ta san ajami ta san lissafin adashinta sarai, jin sunan magani da lafazin Ba'amurke bai rage mata dogaro da kowa ba. An dai sauya mata mai karatu da mai fassara.

Ƙananan cikas ma suna taruwa su yi nauyi. Kyamara tana son haske, ɗakunan cikin gida a tsohon birni kuwa da ƙananan tagogi aka gina su, ga wutar lantarki ba tabbas, kuma wanda ba ya gani ba lallai ya san ɗakin ya yi duhu ba. Don haka aka sa wa manhajar wani sashe da ke fitar da sauti gwargwadon hasken wuri. Kyamarar waya mai araha tana jinkirin daidaita hoto a kusa. Kowace tambaya kuma data take ci, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara wa farashinta har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Duk da haka kuskure ne a yar da abin. Mai shagon unguwa yakan faɗi gaskiya, maƙwabta suna taimakawa, kuma ba a san mutanen Zazzau da barin makaho a tsaye bakin hanya ba. Abin da taimakon jama'a ba ya bayarwa shi ne sirri. Matar aure da ke shan maganin da ba ta son dangin miji su sani, ko magidancin da likita ya ɗora a kan maganin wata cuta da yake jin nauyin ambata, duk sai sun miƙa kwalin ga wani ya karanta, sau da yawa yaro ƙarami. Shi ma yaron akwai tasa hasarar, domin ɗan jagoran da aka tsare a gida saboda karatun kwali da rakiya kasuwa, darasi ne ke wuce shi. A garin da kowane almajiri ya san cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, a kan al'amuran Madina idan zai yi tafiya, bai dace a ɗauki dogaron makaho da kansa a matsayin wani baƙon ra'ayi ba.

Aikin da hannu zai iya yi

Wasu dabarun sun fi bakod dacewa da kasuwar mudu. Be My Eyes, wadda Hans Jørgen Wiberg, ɗan ƙasar Denmark mai raunin gani, ya ƙaddamar a Janairun 2015, tana haɗa makaho da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo, ya nuna masa abu ya faɗa masa mene ne. A 2023 aka ƙara mata basirar na'ura mai bayyana hoto da karanta rubutun jikinsa, wanda ke nufin ko babu bakod ana iya jin abin da aka rubuta a katin magani. Sai dai irin wannan basira takan yi kuskure, kuma kuskure a kan adadin ƙwaya ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar makafi ta RNIB a Ingila kuma tana sayar da wata na'ura mai siffar alƙalami, PenFriend, da 'yan takardun mannawa. Mutum ya manna ɗaya a kwalba, ya naɗi muryarsa ko ta mai ba da magani, duk lokacin da ya ɗora bakin alƙalamin a wurin sai ya ji abin da aka naɗa. Wannan ba ruwanta da Turanci ko intanet. Da Hausa za a ce "na ido ne, ɗigo ɗaya safe da dare," kuma da Hausa za ta maimaita. Za a iya manna ta a robar kananzir kamar yadda za a manna ta a ledar kemis.

Ga kayan kamfani kuwa, gibin da ke akwai na kundi ne, kuma cike shi ba ya bukatar wata sabuwar ƙirƙira. Tun 2012 akwai Open Food Facts, rumbun bayanai na kyauta da aka fara a Faransa, wanda kowa ke iya haska kaya ya ɗauki hotonsa ya shigar da sunansa, kuma kowane mai gina manhaja na iya ɗiba daga ciki. Miliyoyin kayan da ke cikinsa 'yan sa-kai ne suka shigar da yawancinsu, kuma sun fi yawa a inda 'yan sa-kan suka fi yawa. Shagon tireda na cikin birni ba ya ɗauke da kayan da suka fi ƙarfin ƙirga. Ɗaliban sashen kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da na kwalejin Nuhu Bamalli za su iya bin shagunan daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana su shigar da abin da ke kan kanta. Sashen harsunan Afirka na jami'ar ya daidaita sunayen da Hausar da ake saye da sayarwa da ita, masana haɗa magunguna kuma su tsaya a kan duk abin da ya shafi magani, domin wannan ɓangaren ba na ɗan sa-kai ba ne. Muryoyin Hausa ma an fara tara su a shirin Common Voice na Mozilla. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, a nan aka yi zaman daidaita yadda ake rubuta Hausar boko. Aikin ba sabo ba ne ga garin.

Sharaɗin shi ne kada a yi shi a bayan masu abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai sarautar Sarkin Makafi a masarautun Hausa tun da daɗewa, akwai Ƙungiyar Makafi ta Najeriya da rassanta, akwai malamai da ɗalibai masu lalurar gani da ke aiki da waya kullum. Su ne za su faɗi ko ƙarar tana jiyuwa a hayaniyar kasuwa, ko muryar ta cika sauri, ko mutum zai yarda ya fito da wayarsa a cunkoso da hannu biyu alhali sandarsa na bukatar ɗaya. Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da wadda jihar Kaduna ta yi a 2021, sun buɗe ƙofar neman haƙƙi, ko da yake hankalin jama'a ya fi karkata ga matakalar gine-gine da gurbin aiki fiye da abin da ke rubuce a jikin kwali.

Lokacin magana da masana'antu kuma yanzu ne, domin layukan da kansu suna gab da sauyawa. Ƙungiyar GS1 ta sa 2027 a matsayin shekarar da take son na'urorin kantuna su iya karanta sabuwar lamba mai kusurwa huɗu, irin QR, wadda ke ɗaukar bayani fiye da lambobi 13. Irinta da ake bugawa a kwalin magani tana ɗauke da lambar kaya da ta rukunin da aka sarrafa da ranar lalacewa, kuma NAFDAC ta yi aiki da wannan tsarin wajen bin sawun allurar rigakafin korona a 2021. Ranar lalacewa ita ce abin da tsohon bakod bai taɓa iya faɗa wa makaho ba. A Turai kamfanin Kellogg's ya gwada wata lamba mai launuka ta NaviLens, ƙirar Sifaniya, a 2020, ya baza ta a kwalayensa daga 2022. Waya tana hango ta daga nisan da ya kai mita uku, ba sai an juya kwali ana nema ba.

Kamfanonin Legas da Kano da Kaduna da za su sake zanen kwalayensu a 'yan shekarun nan za su yanke shawarwari ƙanana da babu wanda zai kula da su in ba a yi magana ba: ko lambar za ta zauna a wuri ɗaya a kowane kaya, ko za a yi mata ɗan tudu a gefe da yatsa zai ji, ko bayanin da ke bayanta zai zo da Hausa. Mafi muhimmanci ga mai saye a Amaru shi ne a buga ta a kan kowace ƙaramar leda da kowane katin magani, ba a kan katan ɗin da ke tsayawa a sito ba, tunda a cikin ganuwa ɗaiɗai ake saye.